Yadda Muka Huda Baƙin Dutsen Abzin Muna Neman Zafin Ƙasa

Aikina a kamfanin haƙar da nake ciki a Tawa shi ne karɓar dutse. Masu inji su huda ƙasa, ni kuma in tsaya bakin rami in karɓi abin da ya fito, in auna, in jera cikin akwati, in rubuta. Yawancin ayyukanmu na ruwa ne, foraj na ƙauyuka da na makiyaya a Adar da Azawak. Lokaci zuwa lokaci kuma a kira mu arewa wajen masu neman ma'adinai, kuma a can na koyi ciro karot, dutsen nan da ake yankowa a mulmule daga cikin rami ba tare da an farfasa shi ba. Masu binciken da suka ɗauke mu a wannan karon kuwa, zafin ƙasa suke biɗa. Suna son su san yadda ƙasa ke ƙara ɗumi in ana nutsawa cikinta a kudancin duwatsun Abzin, da ko ɗumin ya kai a sa rai da samun kuran da shi wata rana.

Da zuciya ɗaya na shiga aikin, don ban manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar. Wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin ƙasar nan daga can yake zuwa a lokacin. A unguwarmu mai walda ya rufe shago, masu ƙanƙara suka rasa abin sayarwa, mai niƙa ya ƙara kuɗi saboda gazuwal. Muna da kwal ɗin Anu Araren da ke ba Agadas da Arlit wuta, muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Amma rana tana faɗuwa, gazuwal kuwa sai da kuɗi. Zafin ƙasa, a inda Allah ya tara shi, ba ruwansa da dare ko rana, rani ko damina.

Mu masu foraj mun daɗe da sanin ƙasa na da ɗumi. A Adar in muka yi zurfi sosai muka kai ga babban ruwan ƙasa, yakan fito da ɗumin da sai mata sun ajiye shi ya huce kafin a sha. Lissafinsa ba wuya. A mafi yawan wurare a duniya, duk kilomita ɗaya da ka nutsa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Matsakaicin zafin Tawa a shekara wajen digiri 29 ne. Ke nan ruwan da ya taso daga mita 700 zai kusa digiri 50, alhali babu dutse mai aman wuta ko ɗaya a duk faɗin Adar. Shi ya sa ruwan zafi shi kaɗai bai isa shaida ba, kuma shi ya sa ake haƙa.

Abin da ya ja hankalin masu bincike zuwa Abzin abu biyu ne. Na farko maɓuɓɓugar Tafadek a arewacin Agadas, inda mutane ke zuwa wanka daga nesa suna neman sauƙin ciwon gaɓɓai da na fata. Na biyu filin tsofaffin duwatsu masu aman wuta na Todra, wanda ya mamaye wajen murabba'in kilomita 1,000. Akwai wajen 30 na farin dutse mai kauri da suka fara fitowa, daga baya kuma wajen 130 na baƙin bazalt suka biyo, narkakken dutsensu ya malala ya cika ƙoramu. Manyan duwatsun da ido ke fara gani, irin Bagzan mai tsawon mita 2,022, ba su cikin wannan lissafi. Shekarunsu wajen miliyan 400 ne, wutar da ta haife su ta mutu tuntuni. Shugabar masu binciken, wadda kowa ke kira Malama, ta gaya mana tun a Tawa kada baƙin dutse ya rufe mana ido. Bazalt daga can ƙasa mai nisa yake tasowa ta ƴar siririyar hanya, ya zubo ya daskare, sau da yawa bai bar wani murhu kusa da sama ba. Wuraren da suka yi arziki da tururi galibi inda narkakken dutse ya samu wuri ya zauna ne a cikin ɓawon ƙasa, yana dafa abin da ke kewaye da shi shekaru dubbai.

Shiri a filin kamfani muka yi shi. Aka ƙirga sandunan haƙa, kowace mita 3, aka duba zaren kowace ɗaya, don sanda ɗaya mai lalataccen zare tana iya tsinkewa ta bar maka sauran a cikin rami. Ni nawa akwatuna ne. Na kai wa kafinta awo: kowane akwati layi-layi, kowane layi mita ɗaya cif, da murfi, da hannun igiya gefe biyu. Ya so ya yi da katako marar kauri don sauƙin kuɗi, na ce a'a, mita 3 na wannan dutsen ya haura kilo 25, kuma hanyar da za su bi ba ta tausayin kaya. Takardun izini da na rakiyar sojoji masu binciken suka ji da su. Muka bi ta Tabalak da Abalak zuwa Agadas, wajen kilomita 400, daga nan muka bar kwalta.

Kafin a sauke ko ƙusa ɗaya sai da muka zauna da dattawan wurin, Abzinawa masu garaken albasa, Hausarsu garau. Aka ɗora shayi. Tambayarsu ta farko kan ruwa ce, ko raminmu zai shanye rijiyoyin garake. Malama ta nuna musu bakin haƙar a hannunta, faɗinsa bai cika santimita 10 ba, ta ce saman ramin za a sa masa tiyon ƙarfe a zuba siminti ta yadda ba zai haɗu da ruwan rijiyoyinsu ba. Aka kuma yi ciniki kan ruwan da za mu riƙa saya wurinsu da tanka. Sai wani dattijo ya gyara rawani ya ce:

"Malama, ruwa ba ya tsami banza. Tun da na Tafadek ke fitowa da zafi, akwai abin da ke dafa shi. In kun huda kun tarar da shi fa?"

Ba ta yi dariyar tambayar ba, kuma na ji daɗin haka. Ta ce, "Baba, an taɓa yi. A ƙasar Aislan, a wurin da ake kira Kirafla, a 2009 masu haƙa sun faɗa kan narkakken dutse a zurfin da ya ɗan wuce kilomita 2. Amma can dutsen da ransa, ya yi ta aman wuta daga 1975 har 1984. Ko a can ɗin ma wuta ba ta biyo ramin ta cinye kowa ba. Mu nan ƴan ɗaruruwan mita za mu yi." Dattijon ya ce Allah ya ba da sa'a, aka sha shayi na uku.

Ba da ka aka zaɓi wurin ramin ba. Tun kafin zuwanmu sun ɗebi ruwan maɓuɓɓugai sun auna sinadaran da ya narkar, domin yawan silika da ma'aunin sodiyom da fotasiyom a cikin ruwa na nuna irin zafin da ya ratsa a can ƙasa kafin ya huce a hanya. Sun kuma bi tsagogin ƙasa, waɗanda su ne suka jera duwatsun Todra a kan layi. Kusa da ɗaya daga cikinsu aka buga mana turke.

Shef ɗin inji dattijo ne Ba'adare, duk shantiye Baba muke ce masa. Ya ɓata yini guda yana daidaita injin da ma'aunin ruwa, don in rami ya fara a karkace, a karkace zai ƙare. Aka haƙa ramuka biyu na tara ruwan haƙa, aka dama bentonit, wata laka da ke ƙara wa ruwan haƙa kauri. Bakin haƙar zobe ne na ƙarfe da aka cusa wa ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u. Shi ba ya sara, gogawa yake yi: yana juyawa da gudu yana cin dutsen ta kewaye, tsakiyar kuma tana shigewa cikin wani bututu da ke cikin sandar ƙarshe. Ruwa na gangarawa ta cikin sanduna, ya sanyaya bakin, ya kwaso garin dutse ya dawo ta waje. In bututun ya cika, ba sai an zare sanduna duka ba. Ana sakin ƙugiya da waya ta cikin sandunan, ta faɗa ta cafke kan bututun, a jawo shi. Baba yakan ɗora tafin hannu kan wayar, ta nan yake jin ƙugiyar ta kama.

Karot na farko da ya fito daga bazalt, na tuna shi sarai. Aka kwantar da bututun a kan gadon ƙarfe, aka kwance bakinsa, aka ɗan bubbuga da gudumar roba, sai ga shi ya zamo cikin kwararo, baƙi wuluk, yana sheƙi da ruwa, kaurinsa milimita 63.5, ya cika tafin hannu. Samansa duk ƙananan ramuka ne, gurbin iskar da ta so ficewa lokacin da dutsen ke narke. Da muka nutsa ramukan suka ragu har suka ɓace, dutsen ya zama tsam, injin na kuka, tafiya ta koma sannu. Can kuma ramukan suka dawo, sai muka faɗa cikin wata jar ƙasa mai tauri wadda ba ta kai kamu biyu ba. Malama ta durƙusa a kanta ta daɗe. Tsohuwar fuskar ƙasa ce, wadda narkakken dutse ya malalo a kanta ya gasa ta. A ƙarƙashinta tsakuwa ce mai santsi, ta wata ƙorama da ta yi gudu a nan kafin dutsen ya rufe ta. Sai wani bazalt ɗin kuma, sai giranit mai ɗigon fari da ruwan hoda, asalin ƙashin Abzin.

A nan aikina yake, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya da ni. Karot da ya fito ba ya da lamba a jikinsa. Darajarsa duka tana cikin sanin daga ina ya fito da kuma ina ne kansa. Kamar littafin malam ne na warƙa-warƙa da ba a ɗinke ba: muddin yana jere karatu ne, in iska ta watsa shi sai wanda ya haddace. To wannan babu wanda ya haddace shi. Don haka ba na barin kowa ya ɗauki guntu ya duba ya mayar da kansa, ko da injiniya ne. Nakan wanke laka da burushi mai laushi, in haɗa karyayyun bakuna har su zauna da juna, sannan in ja layi biyu a tsawonsa da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, ja a dama, baƙi a hagu in ka tsayar da shi kansa sama. Ko guntu ya faɗi ƙasa, layin zai gaya maka yadda yake. A ƙarshen kowace ciro nakan sa ɗan katako da aka rubuta wa zurfi. Sai awo: Baba ya ce ya ci mita 3, ni na samu nawa? In ya gaza, ina ragowar ta tafi? Wani lokaci ta zame ta zauna a gindin rami, za ta fito a ciro na gaba. Wani lokaci kuwa wurin ruɓaɓɓe ne ruwa ya wanke shi, kuma wannan giɓin shi kansa labari ne, dole a bar masa gurbinsa a akwati a rubuta. Bayan haka in tara tsawon guntayen da suka wuce santimita 10, wanda ke nuna yadda dutsen ya farfashe. Amma sai na rarrabe karayar da Allah ya yi da wadda inji ya yi. Ta inji sabuwa ce fes, bakinta da kaifi, tana komawa ta zauna daidai. Ta asali takan zo da tsatsa, ko laka, ko wani farin abu da ya tsiro a fuskarta. In na ɗiga wa farin abin nan asid ya yi kumfa, kalsit ne, ruwa ya taɓa bi ta nan ya bar shi. Daga ƙarshe hoto, ɗaya a bushe ɗaya a jiƙe, da allo mai lambar akwati. Wasu guntaye kuma tun suna da danshinsu ake naɗe su da leda a rufe da kakin zuma, don za a auna su a yadda suke a ƙasa.

Duk wannan sai an gama shi kafin ciro na gaba ya iso, cikin rana, da ƙurar da ke manne wa jiƙaƙƙen dutse.

Wata la'asar, muna cikin giranit, ƙarar fanfo ta sauya. Na waiga na ga ruwan da ke dawowa ta bakin rami ya ragu, ya zama ɗigo, ya ɗauke. Baba ya ɗaga sanduna nan take, don bakin lu'ulu'u in ya rasa ruwa cikin ƴan mintoci yake ƙonewa, kuma garin dutse in bai samu mai kwaso shi ba yakan taru ya shaƙe sanduna. Ya sa a kawo buhunan abin toshewa. Malama ta taho da gudu daga tanti, fuskarta cike da fara'a.

Baba ya dube ta ya ce, "Ɗiyata, ruwana na tahiya, ke kina murna? Tanka nawa kika sani muka saye?"

Ta ce, "Baba, yi haƙuri. Inda ruwanka ya bi, nan ruwan zafi zai iya biyowa. Don Allah kada a toshe sai mun ga tsagar da ke shan ruwan."

Kowannensu da gaskiyarsa. Wurin mai haƙa tsaga asara ce da haɗari. Wurin mai neman zafin ƙasa kuwa tana cikin abubuwan da aka zo nema, domin zafi kaɗai ba ya kunna fitila. Sai an samu ruwan da zai ɗauko shi, da hanyar da ruwan zai bi, da wani shimfiɗi marar huda a sama da zai hana shi tsiyayewa. Busasshen dutse mai zafi yana ko'ina in ka yi zurfi, wanda ruwa ke yawo a cikinsa ne ke da wuyar samu. Suka daidaita: a ci ciro ɗaya tak a hankali, tanka biyu na tsaye, sannan a toshe. Ni aka ce in zauna da agogo in rubuta lita nawa ramin ke sha a minti. Abin da ya fito guntaye ne, fuskokinsu ja da tsatsa, a kan ɗaya kuma ƙananan haƙoran kalsit sun tsiro suna kallon juna, alamar tsagar a buɗe take ba ta cike ba. Da magariba Baba da kansa ya zo ya ɗauki guntun, bayan ya nemi izinina, ya jujjuya shi ya ce, "Ashe wanga ne ya sha mini ruwa." Da tafiya ta yi nisa aka bar manyan sanduna a matsayin kariya, aka ci gaba da ƙanana ta cikinsu, karot ya koma milimita 47.6.

Duk daren da aka tsaya, mukan saukar da ma'aunin zafi irin wanda ke riƙe lamba mafi girma da ya taɓa, mu ciro shi da asuba. Malama tana rubutawa amma ba ta gina komai a kai. Ramin da aka yini ana ɗura wa ruwan tanka ba zafin kansa yake faɗa ba. Don haka da aka kai zurfin da aka nufa, muka zura siririn tiyo mai toshasshen gindi har ƙasa, muka cika shi da ruwa, aka yi wa bakinsa dakalin siminti da murfin ƙarfe da kwaɗo, aka damƙa amanarsa ga mai garkar da ke kusa. Sai an bar shi watanni kafin ruwan cikin tiyon ya ɗauki zafin dutsen da ke kewaye da shi a kowane mataki. Muka loda akwatuna, muka cusa tsumma a duk inda karot zai iya motsi, muka kamo hanyar gida.

A Tawa muka shimfiɗa akwatunan a ƙarƙashin rumfar kwano, jere bisa zurfi, ta yadda in ka taka daga ƙofa zuwa bango ka bi ramin daga sama har ƙasa. Nan aka yi duba na natsuwa, da madubin hannu. Maƙwabta suka riƙa leƙowa, mafi yawa suna tambayar ko zinariya ce, don tun da aka samu ta Jado a 2014 duk dutsen da ya fito daga arewa da wannan idon ake kallonsa. Wani yaron shantiye da ya ji ana cewa kore alama ce mai kyau ya gano wata jijiya koriya a cikin giranit, ya ruga ya kira Malama. Ta yaba masa idonsa, sannan ta zaunar da mu ta yi bayani. Ruwan zafi in ya daɗe yana ratsa dutse yakan sauya shi, kuma kowane ma'adini da zafin da yake tsirowa. Wata laka da ake kira simektit tana zama a ƙasa da digiri 200. Kilorit mai kore sai an haura haka. Efidot, kore mai ruwan ɗorawa, ba ya fitowa sai wajen digiri 240. Jijiyar da yaron ya gani efidot ce kuwa. Sai dai dutse ba ya mantuwa, kuma ba ya faɗin yaushe. Giranit ɗin ya ga zafi iri-iri tun ɗaruruwan miliyoyin shekaru da suka wuce. Koren na iya zama na wancan zamani. Abin da ake so shi ne ma'adinin da ke cikin tsaga ya yi daidai da zafin da ma'auni ya samu yau a wannan zurfin. In ma'adini ya ce 240 ma'auni ya ce 50, wutar ta tashi ta bar toka.

Zaɓaɓɓun guntaye aka kai Yamai. A can ake yanka dutse a manna shi kan gilashi a goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske na ratsa shi, a duba a madubin ƙara girma. Waɗanda muka rufe da kaki kuma aka auna saurin da suke miƙa zafi. Wannan awon ne dalilin da ya sa ake wahalar ciro karot maimakon a niƙe dutsen da guduma a wuce, wanda ya fi sauri da araha. Giranit na miƙa zafi da sauri fiye da bazalt, bazalt kuma ya fi laka. A ƙarƙashin laka mai kauri zafi kan taru, ma'auni ya riƙa hawa da sauri, mutum ya ɗauka ya samu wani abu alhali zafin da ke tasowa na kowa da kowa ne. Sai an ninka hawan zafin da saurin miƙawar dutsen kafin a san ainihin abin da ke fitowa daga ƙasa. Matsakaicinsa a nahiyoyi wajen miliwat 65 ne a kowace murabba'in mita, da shi ake gwada kowane wuri.

Da lokaci ya yi muka koma da ƙaramar mota, ba inji ba tanka. Kwaɗon na nan yadda muka bar shi. Awon kansa aikin shiru ne: kan awo a bakin waya mai lamba, a sauke shi ƴan mitoci, a tsaya har lambar ta daina motsi, a rubuta, a ƙara saukewa. Daga sama ake farawa a yi ƙasa, don kada wayar ta dama ruwan kafin a auna shi. Mita 20 na farko ba a kula su, zafin rani da sanyin hunturu ne ke wasa a nan. Ni ke riƙe da takarda ina ɗiga lambobi. Inda dutse kaɗai ke miƙa zafi, ɗigon kan jeru a miƙe. Inda ruwa ke motsi, layin kan lanƙwashe. Namu ya tafi a miƙe, yana hawa a hankali, sai daidai zurfin da ramin ya shanye wa Baba ruwa ya ɗan karkata, sannan ya koma hanyarsa. Ruwa na yawo a tsagar. Zafin da zai tafasa shi ya zama tururi kuwa ba mu same shi a wannan zurfin ba, kuma hawan layin bai nuna yana kusa ba.

Na san akwai waɗanda za su ce an yi asarar kuɗi, kuma ban yarda da su ba. Rami ɗaya ba ya yanke hukunci kan murabba'in kilomita 1,000, amma ya fi kintace dubu. A Olkariya ta Kenya tun shekarun 1950 aka fara haƙa, ba a kunna injin farko mai megawat 15 ba sai 1981, a wurin da tururi ke fita daga ƙasa ido na gani. Yau fiye da kashi 40 cikin 100 na wutar da Kenya ke samarwa daga zafin ƙasa take. Su suna kan babbar tsagar gabashin Afirka, mu ba mu kanta, kuma duk wanda ya ce wa mutanen Agadas Abzin za ta zama Olkariya ya yi musu alkawarin abin da ba a gani ba. Injin da tururi ke juyawa kai tsaye na son wajen digiri 200. Akwai wanda ke aiki da ruwan da ya ɗan wuce 100, ta hanyar tafasa wani ruwa mai saurin tafasa, sai dai yana son sanyi a ɗaya gefen, abin da ƙasarmu ke ƙarancinsa. A ƙasa da haka ma ruwan zafi na da aiki. A Menengai ta Kenya sun gwada dafa madara da shi don kashe ƙwayoyin cuta, aikin da digiri 72 na daƙiƙa 15 ke isa. Duk wanda ya ga nonon da ke lalacewa a Abalak da damina zai gane abin da nake nufi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawan ramukan da na tsaya a bakinsu a Adar da Azawak, masu zurfin da ya ninka na Abzin ɗin, ba tare da an taɓa saukar da ma'aunin zafi a cikinsu ba. An riga an biya kuɗin haƙar, wanda shi ne mai tsada. Na kai wa maigidanmu maganar, ya ce shi ba zai tsayar da inji ko na yini ɗaya don awon da ba wanda ya biya ba, kuma yana da gaskiya. Na ce ba sai inji ya tsaya ba. Tsakanin ranar da muka naɗe kayanmu da ranar da masu saka fanfo ke zuwa, rami kan yi makonni a rufe ba mai taɓa shi, ya huta daga ruwan haƙa. Ya amince in riƙa bin motar da ke kai kayan fanfo, in riga su da awa biyu. Malama ta bar mini tsohon kan awo da waya mai mita 500. A kowane rami ina rubuta wurin, da zurfin ruwa, da ranar da aka gama haƙa, da ranar awo, da irin ƙasar da muka ratsa a kowane mataki, musamman kaurin laka, sannan in aika mata kwafi Yamai.